Ɗanyen Shafe Ko Fentin Mai: Zaɓin Masu Zanen Italiya

Fresko, wato zanen bango, kan ɗanyen shafe ake yin sa. A kwaɓa farar ƙasa da yashi, a shafe iya wurin da za a gama a yini guda, a sa launi kafin ya bushe. In aka kuskure, sai kankarewa. Haka Michelangelo ya zana rufin cocin Sistine da ke Vatican daga 1508 zuwa 1512.

A Venice kuwa, danshi da gishirin teku sun cinye freskon mai zane Titian na bangon Fondaco dei Tedeschi, masaukin 'yan kasuwar Jamus. Fentin mai kan yadi ya fi masa: yana jinkirin bushewa, ana gyara shi, a naɗe a aika wa Sarki Philip II a Sifaniya. Illarsa, man kan yi rawaya, kuma shafin da aka ɗora kan wanda bai bushe ba tsattsagewa yake.