Half-Life: tsohon gem ɗin da ya cinye mini dare uku

Na daɗe ina jin manyan 'yan gem suna zuzuta Half-Life, ni kuwa ina ɗauka son abin ƙuruciya ne kawai. Gem ɗin da kamfanin Valve ya fitar tun Nuwamban 1998, me zai nuna mini? Makon jiya na sauke shi a Steam, kasuwar gem ta intanet, tsohuwar laftof ɗina ta ɗauke shi ba gardama.

Farkonsa babu harbi ko ɗaya. Kana cikin tarago ana ratsawa da kai cikin Black Mesa, cibiyar binciken sirri a hamadar New Mexico ta Amurka. Kai ne Gordon Freeman, masanin kimiyya, ka makara zuwa aiki. Ka saka rigar kariya, ka tura wani dutse cikin na'ura, shi ke nan gwaji ya ɓaci, ƙofar wata duniya mai suna Xen ta buɗe, halittunta suka kwararo.

Abin da ya kama ni shi ne, ba a karɓe gem daga hannunka a zaunar da kai kallon bidiyo. Gordon bai ce uffan ba har ƙarshe. Labarin a gabanka yake faruwa: ina murna sojoji sun iso ceto, sai na ga sun bindige wani masani da ya ruga wurinsu. Ashe rufe bakin kowa suka zo yi. Kuma sojojin nan ba sakarkaru ba ne, in ka laɓe gurneti za su jefo maka, su zagayo ta baya.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babin da ake kira Blast Pit. Dodon can makaho ne, da ji yake farauta. Sai ka yi sanɗa, ka wurga gurneti nesa don hankalinsa ya koma can. Har numfashi na riƙe, wallahi, kamar zai ji ni daga ɗakina.

Hotunan sun tsufa, fuskokin kamar an sassaƙa da gatari, wannan ban damu ba. Xen ɗin ce, inda ake kai ka a ƙarshen gem ɗin, ta ƙure ni. Bayan duk dabarar da ka koya, sai a bar ka da tsalle-tsalle kan duwatsu masu lilo a sama, ka zame ka mutu, ka sake. Don ganin ƙarshen mutumin nan mai kwat da jaka, wanda yake leƙena tun daga tarago, na daure na kashe Nihilanth, babban dodon ƙarshe.