Sakkwato zuwa Birnin Kebbi: jirgi ko mota, wanne ya fi?

Jama'a na yawan tambaya ta wai tunda Sakkwato na da filin jirgi na Sultan Abubakar III, Kebbi ma na da nata na Sir Ahmadu Bello can wajen Ambursa, ko mutum zai iya hawa jirgi tsakaninsu ya huta da hanya. To gaskiya a sama nisan bai taka kara ya karya ba, kilomita 100 ne da 'yan kai, amma jirgin haya da ke tashi kai tsaye daga nan zuwa can babu shi, sai dai ka tafi Abuja ka kwana ko ka yini sannan ka dawo Kebbi, tikiti biyu kenan. Wannan kam a ajiye shi gefe.

Ni mota nake so kuma ita nake ba kowa shawara. Wajen kilomita 150 ne, awa biyu zuwa biyu da rabi in direba mai hankali ne. Hanya biyu ce, ko ka bi ta Argungu wadda ta fi kusa kuma ita za ta ajiye ka Ambursa tun kafin ka shiga gari, ko ka bi Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Aliero har Jega sannan ka karkata, wannan ta fi tsawo ga manyan motoci. In da iyali kake ka yi shata kawai, ku tashi bayan asuba, kafin rana ta yi zafi kun isa, ba mai auna maka kaya ba mai ce maka hazo ya hana tashi, don wanda ya san Disamba da Janairu a Sakkwato ya san yadda hazo ke zaunar da mutane a filin jirgi tun safe har la'asar. Tafiyar dare dai kada a yi.

Amma abin da ya sa ma na zauna rubutun nan shi ne 'yan damfarar tikiti. Bara da mahaifiyarmu za ta je asibiti Abuja ankace kujera ta ƙare a Sakkwato, wani da na samu lambarsa a WhatsApp ya ce akwai ta Kebbi, "Alhaji turo kuɗi yanzu kujera biyu ta rage". Na tura, ya aiko hoton tikiti mai kyau da tambarin kamfani da komai. Munka ɗauko tsohuwa tun duku-duku har Ambursa, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta sake dubawa ta ce baba sunanku ba ya ciki. Inna na zaune kan akwatinta da ledar magani a hannu, wallahi har yau abin na ci min rai. Lambarsa a kashe.

Don Allah duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun mai sunan mutum ba na kamfani ba ka tsaya. Hoton tikiti ba tikiti ba ne, ka karɓi lambar bukin ɗin, wato lambar da kamfani ke ba wanda ya kama kujera, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka saka ta tare da sunanka, in bai fito ba ka san an yi maka sakiyar da ba ruwa. Masu gaggawar nan ta "saura minti biyar" su ma ka guje su, haka masu arahar da ta wuce hankali. Mu kam ranar haka munka juyo ta Argungu, sai bayan kwana biyu Inna ta samu jirgi daga Sakkwato.