Mai wayarin ɗin da ya ja min wuta zuwa ɗakin haƙar kirifto: aiki ya yi kyau, amma akwai inda ya kwafsa

Wata biyar kenan da gama aikin shi ya sa na ce bari yanzu in yi magana, don ranar da aka haɗa wuta kowane aiki kyau yake yi, sai an kwana biyu ake gane na gari.

Ni dai injin haƙar Bitcoin uku na saya, wato kwamfutocin da ke yin lissafi dare da rana ana biyan mai su da kuɗin intanet na Bitcoin, Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain, na gina musu ɗan ɗaki a bayan gida saboda ƙara, abin nan yana kai desibel 75, idan ka ajiye shi cikin gida ba mai barci. A tunanina a lokacin kawai in ja doguwar ekstenshan daga soket ɗin kicin in jona, shi ke nan. Na gwada da guda ɗaya ma. Ko awa biyu ba a yi ba na taɓa fulogin na ji kamar na taɓa dutsen guga, robar har ta fara laushi tana wari. Nan na kashe na nemi mai aikin wuta.

Abin da ya fara burge ni da shi, da ya zo bai ce uffan kan kuɗi ba, takardar jikin injin ya ce in ba shi. Ya zauna kan bulo ya ciro biro yana lissafi a bayan kwali: kowane inji wat 3250, a kan bolt 230 wajen amfiya 14 kenan, uku sun haura 42. Sai ya ce min, Alhaji wannan ba irin firji ba ne da yake tashi ya huta, wannan dare da rana yake ja, kuma kayan da ke aiki ba tsayawa ba a ɗora musu fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan an yi masa yawa. Wato sai an ware wa ɗakin wajen amfiya 53 shi kaɗai. Gidana gaba ɗaya amfiya 60 ke shigowa. Ka ga ko hita madam ta kunna an gama, duhu.

Na so in yi masa gardama wallahi, na ce Injiniya ba za a canza babbar birekar kawai a sa mai girma ba? Ya kalle ni ya ce birekar waya take karewa, idan ka sa babba a kan siririyar waya to wayar ce za ta zama fis ɗin, a cikin bango kuma za ta ƙone. Ya ce idan haka nake so in nemi wani. Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba.

To aka nemi kamfanin wuta su ɗaga layin zuwa amfiya 100, a canza mita da wayar da ke shigowa. Nan ne aka sha jira, sati bakwai, amma wannan ba laifinsa ba ne, shi ma ya yi ta zarya da takardu.

Aikin da ya yi da hannunsa kuwa ba ni da ta cewa. Daga gida zuwa ɗakin mita 35 ne, ya sa kebul na jan ƙarfe mai sulke milimita 16, ni na so 10 don ya fi sauƙi, ya ce 10 ɗin zai ɗauka amma da wannan nisan wuta na raguwa a hanya kuma abin da ya ragu zafi yake zama a ƙarƙashin ƙasa, kuma na san ka, na sani wata rana za ka ƙaro inji na huɗu. Haka ya faɗa yana dariya. Ramin ya kai santimita 60, ya zuba yashi ƙasa da sama, ya shimfiɗa jan tef na gargaɗi kafin a rufe don kar wani ya zo da diga gobe. A cikin ɗakin ya sa ƙaramin allon bireka, kowane inji da tasa mai amfiya 20, ga abin kare tsawa, ga sandar atin, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, da ya kafa ya auna a gabana ya nuna min lambar. Kowace waya ya rubuta mata suna. Bayan sati ɗaya ya dawo da kansa ba tare da na kira ba ya sake ɗaure sukurori, wai jan ƙarfe idan ya sha zafi ya huce yana saki.

Inda ya kwafsa shi ne wurin da ya kafa allon. Ya sa shi a bangon da injinan ke huro iska mai zafi. Duk wutar da injin ya ci zafi take komawa, kusan kilowat 10 kenan a ɗaki ɗan mitsitsi, kamar ka kunna hita biyar ka rufe ƙofa. Ita kuma bireka da zafi take gane an yi mata yawa, to idan iskar da ke kewaye da ita ta riga ta yi zafi sai ta faɗi tun ba a kai adadinta ba. Kullum da rana tsaka sai in ga a wayar salulata inji ɗaya ya mutu, in fita da gudu in ɗaga, bayan awa ɗaya wani ya sake faɗuwa. Kwana tara ina wannan wahala. Da na kira shi da farko cewa ya yi injina ne ke da matsala, wannan amsar ba ta yi min daɗi ba ko kaɗan. Sai da ya zo ya ɗora hannu kan murfin allon ya janye da sauri, ya yi shiru, ya ce laifina ne Alhaji. Ya mayar da shi ɓangaren da iska mai sanyi ke shigowa, bai karɓi ko sisi ba, tun daga nan ko sau ɗaya bireka ba ta sake faɗuwa ba.

Sai kuma rashin cika lokaci, idan ya ce ƙarfe tara ka sa ran sha ɗaya.

Abu ɗaya da ba aikinsa ba ne amma shi ya fara faɗa min: inji ɗaya yana cin yunit 78 a rana, uku 234. Ga shi tun Afrilun 2024 ladan haƙar Bitcoin ya ragu da rabi, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Ya ce in lissafa kuɗin wuta tukuna kafin a haƙa rami, mutumin da zai ci riba idan na ce a yi aikin shi ke cewa in sake tunani.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan na riƙe saboda kwana taran nan. Inji na huɗun kuwa yana hanya, na riga na kira shi ya zo ya duba ko layin zai ɗauka, ya ce Asabar ƙarfe tara.