Acca ko garin kanti ga mai cutar siliyak

Tun da likita ya ce ƙanwata tana da cutar siliyak, wato sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yana lalata mata ƙaramin hanji, ta yi sallama da burodi da taliya da Semovita. Hanya biyu muka gwada a nan Jos: garin kanti marar gulutin da ake shigowa da shi, ko accar da ake nomawa a Filato.

Garin kanti yana da shaida a jikin ledarsa, ka saya hankalinka kwance. Amma tsada! Burodinsa kuma da ya huce sai marmashewa.

Acca kuwa babu gulutin a cikinta tun asali, ga ta nan a kasuwar Farin Gada. Ta yi tuwo, ta yi gwate, ta yi kunu. Wahalarta wanki: sai an rege yashin a ƙwarya, an sake regewa, in ba haka ba haƙori ya ba ka labari. Inda muka taɓa shan wuya shi ne wurin niƙa. Ashe an niƙa alkama kafin tamu, yarinyar nan ta kwana uku cikinta na murɗawa. Yanzu a turmi Inna take daka mata.

Garin kanti sai da Sallah, saboda cincin.