Kofi, allo, kan bel ko bindiga: me za a saya wa sojan da ya yi zarra a harbin sikit?

A kulob ɗin harbi da nake zuwa, kusa da wani barikin sojan Amurka, an taɓa ɗora mini nauyin nemo abin da za mu karrama wani Saje da shi. Shekara uku yana harbi tare da mu, ya koya wa matasa da dama riƙon bindiga, ya ciyo mana gasar da muka daɗe muna hanƙoro, sai ga takardar canjin wurin aiki ta fito masa. Na sayo dogon kofi mai ɗan mutum-mutumi a kai yana saita sama. Ranar biki kowa ya yaba. Bayan wata biyu Sajen ya turo mini hoto daga sabon gidansa, kofin ya rabe biyu a cikin kwali. Abin ya yi mini zafi, domin mutumin ya cancanci abin da zai nuna wa jikokinsa. Tun daga ranar, in zan saya wa soja kyauta, tambayar farko da nake yi ita ce: za ta jure kwali da babbar mota? Sojan Amurka kan tashi gida duk bayan shekara biyu ko uku.

Ga wanda bai san wasan ba, sikit harbin faifan yumɓu ne da na'ura ke wurgowa sama. Akwai ɗakuna biyu a gefen fili, dogo a hagu, gajere a dama, kowanne na tofo faifai. Maharbi yana bin matsayai 8, kuma zagaye ɗaya faifai 25 ne. A garin Andoba na jihar Masacusets wasu mafarautan tsuntsaye suka ƙirƙiro shi wajen 1920, aka raɗa masa suna a 1926, ya shiga gasar Olamfik a 1968. Dangantakarsa da soja ta yi ƙarfi ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka riƙa amfani da shi wajen koya wa masu harbi daga cikin jirgin sama yadda ake tarar gaban abin da ke gudu. Har a bayan mota mai tafiya an sa su harbin faifai. Shi ya sa har gobe barikoki da yawa na Amurka suke da filin sikit, kuma sojoji, da masu ci da waɗanda suka yi ritaya, suke da gasarsu ta shekara-shekara.

Kafin a taɓa aljihu, akwai abin da ya kamata a sani: babbar karramawa a wannan fage ba a kasuwa take ba. Rundunar gwanayen harbi ta sojan ƙasa, wadda aka kafa a 1956 zamanin Shugaba Eisenhower, mai mazauni a barikin Fort Benning na jihar Jojiya, ita ta raini Vincent Hancock. Yana cikin kaki ya ci zinariya a Beijin a 2008 da Landan a 2012, bayan ya bar aiki ya ƙara biyu a Tokiyo da Faris. A Tokiyon kuma, ranar 26 ga Yuli 2021, Laftanar Amber English ta fasa faifai 56 cikin 60 ta ɗauki zinariyar mata, wadda ke biye da ita da faifai ɗaya tak, Diana Bacosi, ita ma soja ce ta ƙasar Italiya. Irin waɗannan lambobi, da bajon gwanin harbi na ƙasa da ƙasa da ake maƙalawa a kaki, da shiga zauren gwanaye na NSSA, ƙungiyar maharban sikit ta Amurka, a San Antoniyo, gumi ke kawo su. Na faɗi haka ne don kada wani ya je ya sa a buga masa minda mai kama da ta hukuma. Sojan ba zai iya saka ta a kaki ba, dokar sutura ta hana, kuma za ka jefa shi cikin jin nauyi. Abin da mu 'yan kulob, ko iyali, ko abokan aiki za mu saya, shaida ce cewa mun gani kuma mun yaba.

To, kofi. Ba na hana shi gaba ɗaya. Matsalar tana ga na kanti mai araha, wanda ginshiƙinsa roba ce da aka yi wa fenti, aka haɗa sassansa da dogon ƙusa ɗaya. Shi ne mai karyewa. Kofin ƙarfe na gaske mai siffar kwano ko tasa, gajere mai nauyi, ya fi ƙarfin tafiya, sai dai kuɗinsa ya ninka na roba sau da yawa. Na gilashi mai ƙyalli yana da kyau a ofis, amma ka tuna kwalin nan. Inda kofi ya fi amfani shi ne in ya zama na kulob, yana zaune wuri ɗaya, kowace shekara a ƙara sunan gwanin bana a gindinsa. Sojan da ya dawo bayan shekara goma ya tarar da sunansa yana nan, wannan wani abu ne da ba shi misaltuwa. In ka zaɓi wannan hanya, ka tabbata gindin yana da filin sunaye na aƙalla shekara ashirin, sa'annan a ba gwanin ƙaramin abu ya tafi da shi. Wani abin lura ga namu: in wanda za a karrama Musulmi ne, da yawa ba sa son ajiye mutum-mutumi a ɗaki. Kwano ko hoton faifai da bindigogi biyu a gicciye ya wadatar.

Allon yabo shi ne ya fi kowanne kwanciyar hankali, kuma sojoji sun saba da shi, kusan kowane ofishi bangonsa cike yake da su. Nan ne kuma rauninsa: in bai bambanta ba, zai ɓace cikin 'yan'uwansa. Bambancin yana cikin abu biyu. Na farko katako. Ka juya allon ka dubi bayansa da gefensa. Katakon gaske yana da jijiya mai ratsawa daga fuska zuwa gefe, na dusar katako da aka manna wa fata kuwa gefensa sumul yake, kuma da ya sha danshi sai ya kumbura. Na biyu rubutu. Wanda aka tona cikin farantin tagulla yana nan ko bayan shekara hamsin, wanda aka buga da tawada a kan farar takardar ƙarfe rana na cinye shi. Ka tambayi mai shago kai tsaye: tonawa za a yi ko bugawa?

Abin da za a rubuta ya fi allon kansa muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci. "Don nuna godiya bisa ƙwazo" jimla ce da za a iya ba direba ko akawu. Maharbin sikit lissafi yake so. A sikit irin na Amurka ana gasa da girman bindiga huɗu, mai lamba 12, da 20, da 28, da ƙaramar nan .410, kowacce faifai 100, jimla 400. Wanda ya fasa 100 cikin 100 da .410, wadda harsashinta bai ɗauke da ƙwayoyin dalma da yawa, ya yi abin da wasu ke shekara ashirin ba su yi ba. Ka rubuta masa haka: sunan gasa, rana, girman bindiga, da maki. In kuwa sikit na Olamfik yake yi, inda ake riƙe gindin bindiga a ƙugu har sai faifai ya fito, kuma faifan na iya jinkirin da ya kai daƙiƙa 3 bayan kira, to makinsa cikin 125 ake lissafawa. Kada a haɗa biyun, duk maharbin da ya karanta zai gane ba a san wasan ba. Muƙami da lambar runduna kuma, a samo su daga bakin wani soja ɗan'uwansa, a duba sau biyu. In hidima ake karramawa, wato shekarun koyarwa ko alƙalanci ko gyaran na'ura, a rubuta shekarar farawa da ta gamawa, da ainihin aikin da ya yi.

Ni dai, da za a ce in zaɓi abu ɗaya da mutum zai tafi da shi, kan bel zan ɗauka. A Amurka, musamman kudu da yamma, babban kan bel mai zane tsohuwar kyautar gasa ce, kuma maharba na ɗaura shi a bel ɗin da ke riƙe jakar harsashi. Ka ga ke nan duk filin da ya je, a Teksas ko Jamus ko Koriya, yabon yana jikinsa. Ba ya karyewa, yana shiga aljihun jaka. Akwai na azurfa zalla mai tsada, akwai na tagulla da aka yi wa ruwan azurfa, irin wanda kamfanoni kamar Montana Silversmiths ke yi, akwai kuma na zubi mai arha wanda ruwansa ke gogewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Na tsakiyar ya ishi yawancin kulob. Ka duba madauƙin baya ko walda ce mai kyau, ka kuma auna faɗin bel ɗinsa kafin ka yi oda. Filin rubutu kaɗan ne a fuska, don haka a sa maki da shekara a gaba, sauran bayani a tona a baya. Namiji Musulmi kuma a tambaye shi kafin a sa ruwan zinariya. Aibinsa ɗaya: ba kowa ke son babban kan bel ba, ka lura da shigarsa tukuna.

Akwai kuma ɗan kwabon nan na girmamawa da sojojin Amurka ke miƙa wa juna cikin musafaha. Suna ji da shi ƙwarai. Amma kuɗin yana cikin sassaƙa ma'aunin zubi, don haka buga ɗaya tak asara ce. Ya fi dacewa in za a raba wa duk 'yan tawaga, ko kulob na son wanda zai riƙa bayarwa shekara da shekaru.

Jakar harsashi ta fata mai suna a jiki ita ma kyauta ce da ake amfani da ita kullum. A nan muna da abin da ba kowa ke da shi ba. Wanda ke da hanyar dukawan Kano ko Sakkwato zai iya sa a yi masa. Sai dai jar fatar akuya tana da laushi, ta fi dacewa da ado a fuska, jikin jakar kuwa sai fatar saniya mai kauri, don kwalin harsashi 25 yana da nauyi. A aika wa baduku kwalin da babu komai a ciki ya auna, a kuma raba jakar gida biyu, ɗaya na masu rai, ɗaya na kwanso.

Sai bindiga, wadda zuciyar kowa ke fara zuwa gare ta. Ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan. Manyan bindigogin gasa irin su Krieghoff K-80 da Beretta DT11 sun kai ko sun haura dala 10,000, ko Browning Citori da ake ɗauka ta matsakaicin mai ƙarfi dubbai ce. Ba ma kuɗin ba ne babbar matsala. Bindigar gwani kamar takalmi take, an yanka gindinta daidai tsawon hannunsa da tudun kumatunsa, ya saba da nauyinta har ba ya tunani. In ka ba shi wata, ko ta fi tasa tsada, a kabad za ta kwana. Ga shari'a kuma: tsallaka jiha da bindiga a matsayin kyauta sai ta hannun dillali mai lasisin tarayya, da binciken wanda zai karɓa, kuma in a cikin bariki yake zaune akwai rajista ta daban. Na ƙarshe, dokar karɓar kyauta ta ma'aikatan gwamnatin Amurka, wadda ta shafi soja mai ci, ta taƙaita kyauta daga wasu mutanen waje zuwa dala 20 a lokaci ɗaya, dala 50 a shekara. Akwai togaciya ga iyali da abokai na gaske, da abin da aka ci a buɗaɗɗiyar gasa, da allo ko kofi wanda ba shi da darajar sayarwa. Duk abin da ya wuce haka, a bar sojan ya tuntuɓi lauyan rundunarsa kafin ranar biki. Bindigar girmamawa ta fi dacewa da wanda ya yi ritaya, kuma shi ya kamata ya zaɓa da hannunsa. Haka tabarau na harbi irin su Pilla ko Decot, launin gilashi da ƙarfin ido na kowa daban ne.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne harsashi. Gasar faifai 400 na cin kwali 16, in an haɗa da harbin bibbiyu, inda ake sakin faifai biyu lokaci ɗaya, ya zama 20, ban da atisaye, kuma na 28 da .410 sun fi na 12 tsada. In ba 'yan waccan rundunar gwanayen harbi ta Fort Benning ba, yawancin sojojin da ke sikit daga albashinsu suke biya, da kuɗin shiga gasa da mai da masauki. Ƙaramin soja mai iyali, biya masa kuɗin shiga gasar baɗi zai fi yi masa amfani fiye da kowane gilashi. Rauninsa shi ne ba ya barin alama, an harbe an gama. Shi ya sa a kulob ɗinmu yanzu muke kasa kuɗin gida uku: suna a gindin kofin kulob, kan bel ko ƙaramin allo mai maki a jiki, ragowar a zuba a asusun da ke biya wa ƙananan sojoji kuɗin gasa, bayan an ji ta bakin lauya. Ga tsohon soja kuma mukan juya lissafin, mu sa yawancin kuɗin a abin ajiyewa.

In sabon maharbi ne da ya fasa 25 ɗinsa na farko a jere, akwai al'ada: abokan layinsa su jefa hularsa sama su yi mata ruwan harsashi. Kada a yar da hular. A tsince ta, a sa ta cikin akwatin gilashi mai zurfi tare da bajon shaidar fasa 25 a jere da takardar makin ranar da alƙali ya sa wa hannu. Aikin tona rubutu da zubin kan bel yakan ɗauki makonni, don haka a yi oda da wuri, a nemi mai shago ya turo hoton rubutun kafin ya taɓa ƙarfe, a kuma nuna wa matarsa ko abokin aikinsa su duba sunan harafi bayan harafi.