Goba ko lemo: amsar tambayar Yaya

Yaya, na ga tambayarki tun jiya da daddare, rashin caji ne ya hana ni amsawa. Kin ce malamar asibiti ta ce ki riƙa ba yara kayan marmari yanzu da sanyi ya fara shigowa, ga bishiyar goba a bayan ɗakinki tana zubar da 'ya'ya har awaki sun ƙoshi, amma maigida ya dage sai ya sayo lemo duk ranar kasuwa, wai goba kayan kwalamar yara ce. Kina son sanin wanne ya fi amfani a jiki.

In dai a kan abin da ke ciki ne, goba ta sha gaban lemo, kuma ba da ɗan rata ba. A lissafin da Ma'aikatar Noma ta Amurka take fitarwa na abinci, giram 100 na goba yana ɗauke da bitamin C miligiram 228, shi kuwa lemo 53. Ninki huɗu ke nan har da ɗoriya. Babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 a rana, mai shayarwa kuma 120. Wani zai ce ai lemo ya fi goba girma, kuma gaskiya ne. To a auna su a yadda suke: lemo guda matsakaici zai ba da wajen miligiram 70, ƙaramar goba mai giram 55, irin wadda yaro ke dunƙulewa a hannu, ta haura 120. Iri ya bambanta da iri, ta wani lambun ta fi ta wani, amma in an auna su nauyi ɗaya, ko an rage mata rabi tana nan a gaba.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne yadda muke shan lemon. Mai lemo zai fere shi, ya yanke kan, yaro ya kafa baki ya tsotse ruwan, ya jefar da tuƙar a ƙasa. Wannan tuƙar da aka yar ita ce ke ɗauke da abin nan mai kama da dusa da ke sassauta hanji ya sa bayan gida ya zo da sauƙi. Ko an cinye lemon gaba ɗaya giram 2.4 ne a cikin ɗari, mu kuwa ko rabinsa ba ma samu. Goba tana da 5.4, kuma ba a yar da komai nata, ana gatsa ta ne da ɓawo da 'ya'ya. Kada ma ki fere musu, domin bitamin ɗin ya fi taruwa a ɓawon da naman da ke ƙarƙashinsa. Wanki kawai take so, da ruwa mai kyau, musamman wadda aka tsinta a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo.

Zaƙinsu kusan ɗaya ne, sukari wajen giram 9 kowanne, don haka mai ciwon suga ba zai ce wannan haram wancan halal ba. Goba dai ta fi riƙe ciki, ɗaya ko biyu sun isa. Fotashiyam, wanda ke taimaka wa mai hawan jini, goba tana da miligiram 417, lemo 181, har ayaba da ake ta yabo a kansa 358 take da shi. Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu shi ne zai yi hattara da wannan, ya tambaya tukuna. Mai juna biyu ma tana samun folet, wani bitamin da jaririn ciki ke buƙata, a goba fiye da lemo, amma wannan ba ya maye gurbin maganin da ake ba ta a wurin awo.

Akwai wani amfanin da ban cika jin ana faɗa ba. Mu nan abincinmu tuwo ne da wake da zogale da rama, nama sai jefi-jefi. Sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye jiki ba ya iya zuƙarsa sosai sai da bitamin C a tare. Idan yaro ya gama cin ɗanwake ko kwaɗon zogale kika miƙa masa goba guda, kin ƙara wa abincin daraja ba tare da kin kashe ko sisi ba. Shayi a kan abinci akasin haka yake yi.

Yanzu bari in ba maigida nasa haƙƙin, kada ya ce na haɗa kai da ke. Lemo ya fi ruwa, kuma mai zazzaɓi da bakinsa ya yi ɗaci zai tsotsi lemo ya ƙi kallon goba. Tsohuwar da haƙora suka zube, da jaririn da ya fara cin abinci, lemo ya fi musu sauƙi. In goba za a ba ƙaramin yaro sai a zaɓi nunanna luguf, a kwashe 'ya'yan da cokali, a dama masa naman. Lemo kuma yana jure ajiya. Daga Binuwai ake lodo shi a mota har kasuwar 'Yan Lemo a Kano, daga can ya watsu zuwa kasuwannin ƙauye irin tamu, ya yi kwanaki bai lalace ba. Goba in ta nuna kwana biyu ko uku ta yi laushi, ƙamshinta ya cika ɗaki, ki fasa ki tarar da tsutsa. Ƙuda ne ke huda ta ya yi ƙwai tun tana kan bishiya, shi ya sa gara a cire ta da zarar ta fara juyawa daga kore shar zuwa ruwan ɗorawa. Ga shi lokacinta ba ya daɗewa, in ya wuce dole a koma wa lemon da mangwaro.

Kin yi maganar ɗanya, kuma a nan ake samun ruɗani. Idan masana suka ce a ci goba ɗanya, suna nufin ba a dafa ba, domin zafi yana kashe bitamin C. Ba suna nufin wadda ba ta nuna ba, mai tauri kamar dutse, wadda yara ke jifa da hoge suna ci da gishiri da barkono. Waccan tana da bauri, kuma baurin ne ke ɗaure ciki. Ni kaina ina yarinya na taɓa cika cikina da ita a lambun kawuna, kwana uku ina fama, Inna tana ta yi mini faɗa tana ɗura mini ruwan ɗumi. Zancen cewa 'ya'yan goba ke kawo afendis kuwa, an zuzuta shi ne kawai. Da haka ne da duk yaran garin nan an yi musu aiki. 'Ya'yan suna wucewa ne yadda suka shiga.

Tsakanin farar goba da ja, ja tana da wani sinadari da ake kira laikofin, shi ne dai wanda ya sa tumatir ja. Duk wadda ke bayan ɗakinki ta wadatar. Kada dai ki sa ran goba ko lemo za su hana yara mura ɗungurungum, gina jiki suke yi ba allurar rigakafi ba ce, kuma yaron da numfashinsa ke sauri ko haƙarƙarinsa ke lotsawa asibiti za a kai shi.

Ni a wurinki, muddin bishiyar tana bayarwa, kowane yaro goba ɗaya da safe, ɗaya bayan abincin rana. Kuɗin lemon a sayi ƙwai ko ƙuli-ƙuli da su, a bar lemo sai gobar ta ƙare ko wani ya kwanta. In kuma ta yi muku yawa, a aiko mana da kwano ɗaya ranar Juma'a kafin awakin su gama da ita.