Injin wasan 1972 da na gani a Chikago

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Inna da yara suna lafiya. Ka tambaye ni yadda masu gyara suke a nan Amurka, to ga abin da idona ya gani.

Wani dattijo da muke aiki tare ya kai ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, ya nuna mini injin wasan da suke kira finbol. Nasa ƙirar kamfanin Bally ne, sunansa Fireball, na shekarar 1972. Tebur ne mai ɗan gangare an rufe shi da gilashi. Za ka ja sanda mai sifirin ka harba ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar boris, ta gangaro tana bugun turaku, kai kuma kana tare ta da 'yan hannaye biyu da ake dannawa ta gefe. A tsakiya akwai faifai mai juyawa da ke wurga ta inda ba ka zata ba. In ka girgiza teburin da yawa, wani ƙarfe da ke reto a cikin zobe zai taɓa gefe, wasa ya mutu nan take.

Da ya buɗe cikinsa, wallahi kai na tuna. Babu kwamfuta ko ɗaya. Koyil ne (naɗaɗɗiyar waya) da rile (makunnin da lantarki ke kunnawa) da wayoyi da wani ɗan injin lantarki mai juyawa, lambobin maki kuma suna juyawa kamar na famfon mai na da. Duk abin da ya lalace kana ganinsa da ido, kana jinsa da kunne.

Na san za ka ce ko caca ce. Su ma sun yi wannan zargin. A 1942 magajin garin New York, La Guardia, ya haramta shi, aka riƙa farfasa injinan da guduma. Lokacin sa'a ce zalla, don sai a 1947 kamfanin Gottlieb na nan Chikago ya fito da hannayen dukan. Ba a ɗage haramcin ba sai 1976, bayan wani Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna gwaninta ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gyaran. Injin ya haura shekara 50, amma dattijon yana da taswirar wayoyinsa a takarda, kuma robobi da koyil da ƙwan fitila duk yana saye sababbi ta intanet, a kawo masa har ƙofar gida. Mai gyara ne tsada. Sai ka nemi rana, kuma da awa yake caji, shi ya sa dattijon ya koyi yi da kansa.

Mu namu a juye yake. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, mai gyara yana nan kullum, kuɗin hannunsa kaɗan, amma kayan gyara sai an ɓalle daga wani mataccen injin, taswira kuwa a kansa take. Na gaya wa dattijon cewa yayana yana naɗa koyil ɗin fanka da hannu, ya daɗe yana jinjina kai, ya ce in turo masa hoton shagonka. Don Allah ka ɗauka da rana, teburin aikin ya fito sosai.